Kwalta ta iso unguwa, mai tafiya a ƙasa ya rasa wurin taka ƙafa

A shekarun da layinmu na Garwa, a arewacin Kamaru, yake jar ƙasa, kukanmu bai wuce biyu ba: ƙura da rani, taɓo da damina. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a kwalta yake yi mana alkawari, mu ma da kwalta muke auna shi. To, kwalta ta zo. Shirye-shiryen gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda aka buga daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022, da kuma shirin gyaran manyan biranen yankuna da aka yi da kuɗin sassaucin bashi na Faransa, sun sauya fuskar garin nan ƙwarai, har 'yan'uwanmu da suka zo daga Yola da Mubi domin kallon wasan Najeriya da Masar a filin Rumde Ajiya suka koma gida suna yabon titunanmu. Ba na cikin masu raina wannan aiki, domin na san wahalar kai mai naƙuda asibiti a kan hanyar da ruwa ya cinye. Sai dai ramukan da muke zagi a da suna yi mana wani aiki da ba mu lura da shi ba, wato suna tilasta wa kowa ya tafi a hankali. Da aka cike su, babu abin da aka sa a madadinsu.

Bara, bayan sallar Magariba, wani ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya buge wata yarinya 'yar maƙwabtanmu mai tallan gyaɗa, wadda ba ta wuce shekara 9 ba, ya karya mata cinya. Aka fara kai ta wurin mai ɗori, da ƙafar ta kumbura aka wuce da ita asibiti. Bayan kwana biyu aka zauna a ƙofar gidan jauro, wato mai unguwa, mai babur ɗin ya ɗauki nauyin magani, mahaifin yarinyar ya ce ya yafe, dattawa suka ce ƙaddara ce, wadda ta riga fata. Ana shirin yin fatiha sai yaron da ya yi bugun, wanda ko gemu bai fara ba, ya dubi jauro ya ce: "Baba, wallahi ban gan ta ba sai da ta fito daga bayan yashin nan." Wurin ya yi tsit, kuma na san dalilin shirun. Yashin nawa ne. Tifa guda na sa aka juye a bakin titi domin ƙarasa katangar gidana, kuɗin siminti ya yanke, yashin ya yi wata huɗu a wurin, ya rufe gefen hanya gaba ɗaya, duk mai wucewa sai ya sauka kan kwalta ya kewaye shi. Babu wanda ya ambaci sunana a zaman nan, saboda ana ganin girmana, kuma wannan kawaicin ya fi mini zagi ciwo.

Tun daga ranar na fara kallon titunanmu da wani ido dabam, kuma abin da na gani shi ne dalilin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, yawancin haɗarin da ke faruwa a cikin unguwanni an riga an shirya shi tun kafin direba ya tayar da injinsa, domin an yi titin ne domin inji, ɗan gefen da ya rage wa mai ƙafa kuma mu mazauna unguwa mun cinye shi. Duk wanda ke shakka ya taka daga babbar kasuwa zuwa Yalwa, ko ya bi layukan Fulɓere da Lopere, ya ƙirga sau nawa za a tilasta masa sauka kan kwalta. Zai tarar da teburin mai shayi da bencinsa, da kwalaben mai zuwa-zuwa, wato mai sayar da fetur ɗin fasa-ƙwauri, a jere, da bakaniken babur da ya mai da bakin titi gareji, da mai walda da ƙofofinsa a shimfiɗe, da dakalin da mai gida ya ƙara domin zaman hira, da gangaren siminti da wani ya zuba domin shigar da motarsa, da motar Alhaji da ta fi garejinta tsawo. Inda babu ɗaya daga cikin waɗannan kuma, zai tarar da lambatu a buɗe, mai zurfin da zai haɗiye yaro, cike da leda da ruwan wanke-wanke. Tsohuwa mai sanda, da makaho da ɗan jagoransa, da gurgu a kan kekensa, da almajiri, da mai tura kurar ruwa, duk an kora su tsakiyar titi su yi gogayya da babur, sannan idan aka buge su mu taru mu ce 'yan kilando ba su da hankali. Laifi tudu ne, na taka nawa na wata huɗu ina hango na yaran mutane.

Kalmar ƙaddara da muke rufe kowane zama da ita tana buƙatar a tsaya a kanta. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma malaman da muka gada ba su taɓa ɗaukar ta a matsayin abin da ke ɗauke alhaki ba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. A cikin Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya yi bayanin cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi, a inda bai halatta ya yi hakan ba, shi ke da lamunin abin da ya auku saboda aikinsa. Wato tun fiye da shekara dubu da suka wuce fikihunmu ya raba alhakin gida biyu, na mahayi da na wanda ya tare hanya, mu kuma yau mahayin kaɗai muke kamawa. Hadisin da ya yi hani ga zama a kan hanyoyi, sannan ya ce idan ba makawa sai an zauna to a bai wa hanya haƙƙinta, ya lissafa kame cuta daga mutane a cikin haƙƙoƙin nan, kuma kowane ɗalibi ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Ina mamakin yadda muke jin waɗannan a wa'azi mu gyaɗa kai, mu fito mu kafa rumfar biki a tsakiyar layi ta kwana uku, ba tare da mun bar ko hanyar da motar asibiti za ta bi ba.

Sai maganar gudu, wadda lissafinta ba ya buƙatar digiri. Abin hawa da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin kusan mita 8 a kowace daƙiƙa, mai tafiyar kilomita 60 kuma yana cin kusan mita 17. Mutum mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan hanya, yana buƙatar kamar daƙiƙa guda tsakanin ganin yaro da taka burki. Bayan an taka burkin kuma, nisan da ake ja kafin a tsaya cak ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Idan aka haɗa, mai tafiyar 30 zai iya tsayawa a cikin mita 13 ko kusa da haka a kan busasshiyar kwalta, mai tafiyar 60 kuwa yana buƙatar fiye da mita 35. Ma'anar wannan ita ce, a daidai wurin da na farko ya riga ya tsaya yana yi wa yaron faɗa, na biyu ko burki bai kai ga takawa ba, da cikakken gudunsa zai same shi. Wannan lissafin mota ne mai lafiyayyen burki. Babur mai sanƙon taya, ɗauke da mutum uku, a kan kwaltar da iskar hunturu ta shimfiɗa wa yashi, lamarinsa ya fi haka muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65.

Dokar hanya da muke aiki da ita, wadda ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka amince da ita a 2001, kuma take aiki a Kamaru da Chadi baki ɗaya, ta bar mutum ya yi kilomita 60 a cikin gari. Wataƙila wannan ya dace da babban titi mai faɗi da aka raba tsakiyarsa, amma bai dace da layin da ƙofofin gidaje ke buɗewa kai tsaye a kan kwalta ba, inda yaro zai fito daga zaure a guje, taku uku ya kai shi gaban babur. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda ababen hawa ke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke, kuma idan aka bi wannan ma'auni, kusan dukkan unguwannin Garwa da Marwa da Gaundere sun shiga ciki. Amma ba na son a ɗauka ina neman a kafa alluna. Mun ga alluna, mun ga farin fentin tsallakawa da aka shafa lokacin gasar ƙwallo, wanda rana ta cinye, kuma ko lokacin da yake sabo ban ga wanda ya tsaya wa mai tsallakawa a kansa ba. Direba ba allo yake karantawa ba, titin yake karantawa: idan ya gan shi miƙaƙƙe, mai faɗi, mai santsi, hannunsa da kansa zai murɗa. Gudu yana sauka ne idan ginin titin ya hana shi.

Jama'a sun fahimci wannan tun kafin injiniyoyi, shi ya sa duk layin da aka taɓa buge yaro za ka tarar washegari an yi tudun rage gudu, irin wanda ake kira bayan jaki da Faransanci. Ina tausaya wa iyayen da suka yi shi cikin ɓacin rai, amma yawancin waɗannan tudun gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Wani kututturen itace ne, wani igiyar jirgi ce mai kauri, wani kuma siminti ne aka tsayar kamar bakin gatari, babu fenti, babu alama, babu fitila. Da rana 'yan kilando suna kauce masa ta gefe, wato ta daidai inda masu ƙafa ke bi, da dare kuma baƙon da bai san da shi ba ya yi karo da shi ya zubar da fasinjarsa da jaririnta. Tudun kirki faɗi gare shi, ba tsini ba, yana hawa a hankali ya sauka a hankali, yana kaiwa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ana ganinsa daga nesa. Mafi kyau ma a ɗaga wurin tsallakawar kansa ya zama shi ne tudun, a ƙofar kowace makaranta da masallacin Juma'a da asibiti da bakin kasuwa. Wannan aikin hukuma ne, kuma inda hukuma ta yi jinkiri, ya fi kyau mutanen unguwa su haɗa kuɗin su nemi a turo musu wanda ya san aikin, maimakon kowa ya zama injiniyan ƙofar gidansa.

Ban ce 'yan kilando ba su da nasu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai ya kamata a san ko su wane ne. A garuruwan arewacin Kamaru babur ya zama motar haya tun kafin a san shi a Duwala, kuma yau kusan shi kaɗai ne abin hawan talaka, domin tasi ta zama abin nema. Abubuwa biyu suka yawaita shi: arahar baburan Sin da suka cika kasuwa, da arahar man zuwa-zuwa da ke shigowa daga Najeriya ta Gashiga da kuma ta kogin Binuwai. Da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashin kwalba ya tashi a nan cikin 'yan kwanaki, ribar ɗan kilando ta tsuke. Da yawansu babur ɗin ba nasu ba ne, akwai adadin da dole su kai wa mai shi kowace yamma, sai abin da ya haura ya zama nasu. Wanda ke cikin wannan hali, kowane fasinja da ya hango a gaba abincin darensa ne, kuma wani yana iya riga shi. Wannan shi ne tushen gudun, da tsayawa ba zato a tsakiyar titi, da juyowa ta hannun da ba nasa ba. Dokar da firaminista ya sa wa hannu a ƙarshen 2008, aka kuma yi mata gyara a 2013, ta shardanta cewa mai wannan sana'a ya kai shekara 18, ya mallaki lasin tuƙin babur, ya yi inshora, ya sa hular kwano shi da fasinjansa. Yaron da ya buge 'yar maƙwabtanmu ba shi da ko ɗaya, ya koyi tuƙi ne cikin kwana uku a filin ƙwallo. Amma wanda ya miƙa masa makulli dattijo ne mai sallah a sahun gaba, yana da babura da yawa a kan titi, kuma ba a taɓa tsayar da shi a shingen 'yan sanda ba, domin ba shi ke tuƙi ba. Muddin hukuncin yana tsayawa a kan yaro, mai babur zai ci gaba da neman wanda ya fi kowa araha da ƙarancin shekaru.

Hular kwano kuwa, kowa yana da uzurinsa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, sa ta azaba ce, ban musa ba, kuma fasinja yana ƙyamar hular da kawuna ɗari suka yi wa gumi. Amma ƙashin kai bai san uzuri ba, kuma masu aikin asibiti sun san bambancin wanda aka kawo da hula da wanda aka kawo babu ita. Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da irin suturarmu, wanda ba a cika faɗa ba saboda kunya: dogon hijabi ko gefen babbar riga da ke shiga cikin sarƙa ko wayoyin tayar baya, ya fizgo mutum ƙasa ta wuya. Mata da yawa suna zama a karkace, ƙafafu a gefe guda, da goyo a baya, da wani yaron a cinya, babu abin riƙewa. Maganin wannan ba ya cin ko sefa ɗaya: a tattare tufafi a cinya kafin a tashi, direba kuma ya waiwaya ya duba kafin ya ja. Uban da ke ɗora yara huɗu a babur zuwa makaranta, ƙaramin a kan tanki, na san ba don ƙiyayya yake yi ba, kuɗin zuwa biyu ne babu, amma ya sani cewa wanda ke kan tanki shi ne zai fara isa ƙasa.

Wanda aka fi mantawa da shi a duk wannan magana shi ne mai keke. Ɗan makarantar da ke zuwa daga bayan gari, da manomin da ke kawo ganye da tumatir daga fadamun bakin Binuwai tun da asuba, da mai itace, da tsohon da ya riƙe kekensa shekara talatin, ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu, kuma a idon mai mota su ba ababen hawa ba ne, a idon mai ƙafa kuma su ba masu ƙafa ba ne. Ana matse su zuwa bakin kwalta, inda yashi ya taru kuma gefen ya gutsure. Kusan babu keken da ke da fitila ko abin ƙyalli a baya, alhali lokutan da suka fi yawa a kan hanya su ne asuba da bayan Magariba, kuma idan ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba mu lantarki, ya ja baya aka shiga rabon wuta, unguwa takan yi baƙi ƙirin. Ɗan ƙyallen nan mai haskawa idan fitila ta doke shi bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Da ƙungiyoyin iyayen yara za su saye shi da yawa su manna wa kowane keke da ke shiga harabar makaranta, da jakunkunan ƙananan yara, da sun yi aikin da ya fi jawabin ranar rabon sakamako amfani.

Manyan motoci nasu babin dabam ne, saboda inda Allah ya ajiye garinmu. Jirgin ƙasa yana ƙarewa ne a Gaundere, kuma kaya masu yawa da aka sauke a tashar ruwan Duwala domin Chadi suna hawa tirela su biyo babbar hanya mai lamba 1, su haye gadar Binuwai, su nufi Marwa da Mora da Kusiri har Injamena. A kakar auduga kuma motocin da ke kai ta masana'anta suna ƙaruwa a kansu. Da wannan zirga-zirga garin ke ci, babu mai hankalin da zai ce a hana ta. Amma direban tirela, daga inda yake zaune, ba ya ganin abin da ke dab da gabansa ko abin da ke gefen damansa, kuma idan zai karya kwana, tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba. 'Yan kilando da masu keke da ke kutsawa ta damar tirela a shataletale ba su san cewa sun ɓace daga madubinsa ba. Wannan darasi ne na minti biyar da ya kamata a koya wa kowane mai babur ta hanyar ɗora shi a kujerar direba ya gani da idonsa. Abin da ke hannun hukuma kuma shi ne ta hana manyan motoci kwana a bakin titunan unguwa, inda suke zama katanga da yara ke fitowa daga bayanta, ta kuma taƙaita shigarsu cikin gari a sa'o'in tafiya makaranta da tashi.

Idan babban haɗari ya auku a hanyar da ke tsakanin garuruwa, kamar wanda ya faru a gangaren Dschang, a yammacin Kamaru, ranar 27 ga Janairun 2021, inda motar fasinja ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, mutum fiye da 50 suka rasu, ƙasa takan girgiza, ministoci su je, a fitar da sababbin umarni. Haka ya kamata. Amma mutuwar cikin unguwa ɗaya-ɗaya take zuwa, ana binne ta kafin La'asar, a sasanta a ƙofar gidan jauro, ba ta shiga kowane littafi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, cewa fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, cewa Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a duk da ƙarancin motocinta, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ina ganin da kowane jauro zai ajiye littafi guda ya riƙa rubuta wuri da lokacin duk haɗarin da aka kawo gabansa, ba tare da sunan kowa ba, cikin shekara guda za a ga cewa wurare ƙalilan ne ke maimaita kansu, kuma da wannan littafin za a iya zuwa ofishin magajin gari da hujja a hannu.

Na san abin da za a ce mini, kuma an riga an faɗa. Mai shayin layinmu, da na yi masa maganar teburinsa, ya ce: "Malam, kai kana da albashi. Ni idan na matsa daga nan, ina zan kai iyalina?" Gaskiyarsa ce, kuma duk shawarar da ba ta amsa wannan tambaya ba, ba za ta yi mako biyu ba. Mun sha ganin rusau: a zo da mota da 'yan sanda, a kwashe tebura, a farfasa rumfuna, mata su yi kuka, bayan kwana goma kowa ya dawo inda yake, sai dai ya ƙara talaucewa. Ba wannan nake nema ba. Abin da mai ƙafa ke buƙata bai wuce faɗin da mutum biyu za su gifta juna ba, ko keken gurgu ya wuce, wato kamar mita ɗaya da rabi. A yawancin layukanmu wannan fili yana nan, lambatu ne ya cinye shi. Idan aka rufe lambatun da faifan kankare, ba na ƙarfe da za a sace a kai wa 'yan gwangwan ba, aka bar wuraren da za a riƙa ɗagawa domin yasa, to an samu hanyar ƙafa ba tare da an rushe katangar kowa ba, an kuma rage sharar da ke toshe ruwa a watan Agusta. Daga nan sai a ja layi: bayan layin mai shayi ya kafa teburinsa, mai zuwa-zuwa ya jera kwalabensa, amma kan faifan na masu wucewa ne, ko buhun gawayi ba a ajiyewa. Mai yashi irina kuma a ba shi mako guda ya shigar da kayansa cikin gida.

Wa zai tsare wannan layi? Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta bai wa magajin gari da gundumomi uku na Garwa iko a kan titunan cikin gari da fitilunsu da wuraren tsayawar ababen hawa, saboda haka ba sai an jira Yawunde ba. Amma ma'aikacin hukuma yana wucewa ne sau ɗaya a wata, wanda ke wurin kullum shi ne jauro da limami da dattawan da ke zaune a gindin dogon yaro. Kuma mun iya wannan aiki idan mun ga dama. Kowace Juma'a matasa 'yan agaji suna tsare hanya, su karkatar da motoci, su jera babura a wuri guda, kuma babu Alhajin da ke yi musu gardama. Al'ummar da ke iya wannan domin sallar awa guda tana iya tsayar da mutum biyu a ƙofar makarantar firamare da ta Islamiyya na rabin awa da safe da rabin awa da yamma. Haka kuma a watan azumi, a rabin awar nan ta kafin shan ruwa da kowa ke tuƙi kamar ana korarsa, kalma ɗaya daga masu tafsiri za ta yi tasirin da shingen jandarma ba zai yi ba.

Mu masu tafiya a ƙasa ma akwai gyara a wuyanmu. A ƙasar nan ta dama ake tuƙi, saboda haka inda babu hanyar ƙafa, ta hagu ya kamata mutum ya bi, yana fuskantar abin da ke tahowa, amma yawancinmu baya muke ba shi, waya a kunne. Mafi nauyi a kaina shi ne aiken ƙananan yara. Yaro ɗan shekara biyar ko shida ba ya iya auna gudun abin da ke tahowa, kuma gajartarsa tana ɓoye shi a bayan duk motar da aka ajiye, amma shi muke miƙa wa sefa 100 mu ce ya tsallaka titi ya sayo magi, ana kiran Magariba, lokacin da ido bai gama sabawa da duhu ba kuma rabin baburan ba su kunna fitila ba.

Na kwashe yashina washegarin zaman nan, na biya 'yan tura kura suka shigar da shi tsakar gida, inda ya kamata a ce na zuba shi tun farko. Yarinyar ta warke, amma tana ɗan ɗingishi, kuma ta koma talla a layin da aka buge ta, domin gidansu da gyaɗar ake cefane. Mun kai wa jauro maganar rufe lambatu daga masallaci zuwa makarantar firamare, ya karɓa, an yi lissafin faifan da ake buƙata, gidaje goma sha ɗaya sun ba da nasu kason, sauran sun ce aikin gwamnati ne. Takardar da muka rubuta ta neman a ɗaga wurin tsallakawa a ƙofar makarantar tana can an buga mata hatimi. Makarantu za su koma a farkon Satumba, lokacin da lambatun ke cike da ruwa har baki, ba a gane inda kwalta ta ƙare da inda rami ya fara.